Masu Faɗuwa a Madadin Jarumi: Sana'ar Kasada a Fina-finan Leƙen Asiri

A watan Satumba na 2020, a kan tsaunin Helsetkopen da ke kusa da ƙauyen Hellesylt a ƙasar Norwe, wani mutum mai shekara 58 ya hau babur, ya murɗa shi a kan wata doguwar gada da aka gina musamman, gadar da ba ta kai ko'ina ba sai bakin rami. Da ya zo ƙarshenta bai taka birki ba. Shi da babur suka tafi cikin iska, ya sake shi, babur ya yi nasa wuri, shi kuma ya ci gaba da faɗuwa na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya buɗe laima. Ya sauka lafiya, aka mayar da shi sama, ya sake yi. Sau shida ya yi a wannan rana. Mutumin shi ne Tom Cruise, fim ɗin kuwa Mission: Impossible – Dead Reckoning, na bakwai a jerin fina-finan ɗan leƙen asiri Ethan Hunt, wanda ya fito a watan Yuli na 2023.

Duk wanda ya gani zai ce ganganci ne. Amma kafin ranar, Cruise ya diro daga jirgin sama da laima fiye da sau 500, ya kuma yi tsalle da babur kimanin sau 13,000 a filin atisaye. A wani ramin haƙar dutse a Ingila an gina irin wannan gada, aka cika ƙasan da kwalaye domin su tare babur, shi kuma aka ɗaure shi da waya. An maƙala masa na'urar da ke auna gudunsa da yadda jikinsa ke tafiya a iska, domin a san daidai inda za a ajiye kyamara da inda jirgi mai saukar ungulu zai bi ba tare da ya shiga hanyarsa ba. Babur ɗin ba shi da agogon gudu, da kunne da jiki yake gane ko ya kai gudun da ake buƙata. Kayan ginin gadar ta Norwe kuwa ta sama aka riƙa kai su kan tsaunin. Akwai mai koya masa dirowa daga kan dutse, Miles Daisher. Akwai kuma shugaban aikin gaba ɗaya, Wade Eastwood, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ko a hanya aka gamu da shi ba kowa ne zai waiwaya ba.

Sana'ar su Eastwood ke nan: tsara haɗari, a auna shi, a rage shi har ya koma abin da mutum zai yi yau, ya kwana lafiya, gobe ya sake yi idan darakta bai gamsu ba. A ganina ita ce ke ɗauke da fim ɗin leƙen asiri na wannan zamani. Ƙarfinsa daga gare ta yake, kuma rauninsa ma, idan aka bi sawu, yawanci daga yadda ake jingina komai a kanta yake fitowa.

Ba sana'a ba ce da ake shiga don mutum ya ji yana da ƙarfin hali. A Birtaniya, ƙungiyar masu wannan aiki, British Stunt Register, wadda aka kafa a 1973, ba ta rubuta sunan mutum sai ya kawo shaidar ƙwarewa a fannoni shida aƙalla. Ɗaya dole ya zama na faɗa, kamar judo ko dambe. Sauran ya zaɓa daga hawan doki, tuƙin mota ko babur, iyo da nutso, hawan dutse, alkafura da makamantansu. Ko ya cika waɗannan, a ɗan koyo zai fara, ya yi shekaru ƙarƙashin idon manya kafin a amince masa ya tsara faɗuwar wani. Wanda ya cika rawar kai, mai son a ce ya fi kowa zuciya, shi ne wanda shugabannin aikin suka fi gudu, domin ba ransa kaɗai zai jefa a wahala ba.

Aikin kashi-kashi ne. Akwai makwafin jarumi, wanda ake zaɓa saboda tsayinsa da faɗin kafaɗarsa sun yi daidai da na tauraron. Za a sa masa gashi irin nasa da tufafi irin nasa, ya zauna yana nazarin yadda yake tafiya da yadda yake gudu, kuma darasinsa na farko shi ne yadda zai kawar da fuska daga kyamara ba tare da an gane kawarwa yake yi ba. Akwai direbobi, akwai masu tsara faɗa, akwai masu ɗaurin waya da igiya waɗanda ba sa fitowa a hoto ko kaɗan, alhali ran mutum a hannunsu yake. A samansu duka akwai shugaban kasada. Marubuci zai rubuta layi ɗaya, ya ce mota ta wuntsila, shi kuwa shugaban zai mayar da wannan layi aikin makonni: wace mota, gudu nawa, a wane kwana, ina motar asibiti za ta tsaya. Shi ne kuma mai ikon ya dubi darakta ya ce yau ba za a yi ba, iska ta yi yawa. Ana biyan ɗan kasada kuɗin yini, sannan a ƙara masa wani abu a kan kowane aiki mai haɗari, gwargwadon girman haɗarin da yawan maimaitawa.

Ɗauki naushi, wanda shi ne mafi yawa a cikin aikin. Hannun mai naushi ba ya taɓa fuskar abokinsa, yakan wuce da tazarar tafin hannu ko fiye. Kyamara ce ake ajiyewa a bayan kafaɗa, inda ido ba zai iya gane tazarar ba. Nauyin aikin yana kan wanda aka nausa: dole kansa ya fizgu daidai lokacin da hannun ya gifta, kada ya riga, kada ya makara, sannan jikinsa ya bi kan, gwiwa ta saki, ya zube. Ƙarar da kake ji daga baya ake sa ta a ɗakin haɗa sauti. Shi ya sa a wajen masu sana'ar, wanda ya iya shan duka ya fi wanda ya iya bugu daraja. Jarumi ba ya yin kwarjini sai waɗanda yake watsarwa sun iya faɗuwa.

Faɗuwa daga sama kuma har yau kwali na nan yana aiki. Ana jera kwalayen da babu komai a ciki, hawa-hawa, a lulluɓe su, domin suna lotsewa ɗaya bayan ɗaya suna shanye nauyin mutum a hankali. Idan tsayin ya yi yawa sai a kawo katifar iska, ko a ɗaura wa mutum waya mai na'urar da ke rage gudu kafin ya kai ƙasa. Mai faɗuwa ba ya ɗauke ido daga inda zai sauka sai a daƙiƙar ƙarshe, sannan ya juya ya sauka da faɗin baya. Wanda ya zo da ƙafa, ƙafar ta tafi. Wanda ake cinna wa wuta ya fi ba ni tausayi. Kafin a kunna masa ashana rawar sanyi yake yi, domin tufafin ciki an jiƙa su da wani ruwa mai kauri da aka sanyaya, fuska da gashi ma an shafe su da shi. Da wutar ta kama ba ya numfashi, domin shaƙa ɗaya ta isa ta ƙona huhu. Ana ƙirga masa daƙiƙoƙi da ƙarfi. Idan zafi ya iso masa sai ya kwanta rub da ciki, alamar ke nan, masu kashe wuta da ke tsaye a gefe su rufar masa.

Sana'ar ta girmi fim mai magana. A 1928 Buster Keaton ya tsaya cak aka sako masa bangon gida sukutum, ya tsira ta tagar da aka auna za ta faɗo daidai inda yake tsaye. A 1939, a fim ɗin Stagecoach, Yakima Canutt ya faɗa tsakanin dawakai suna sukuwa, ya bari su da keken da suke ja suka wuce ta kansa. Canutt ɗin ne ya fara mayar da abin ilimi mai ƙa'ida da kayan aiki, shi ne kuma ya tsara tseren kekunan doki na Ben-Hur a 1959. Amma babu irin fim ɗin da ya ciyar da wannan sana'a kamar na leƙen asiri, kuma dalilin a fili yake. Wanda ya sayi tikitin James Bond na goma ko na ashirin ya san jarumi ba zai mutu a tsakiyar fim ba, ya san duniya ba za ta tashi ba. To me za a sayar masa sabo? Sai haɗarin da bai taɓa gani ba.

Haka aka riƙa ƙara tsayi da gudu a fina-finan Bond. A 1974, a The Man with the Golden Gun, mota ta tsallake kogi a Tailan tana murɗawa a iska har ta sauka a kan tayoyinta, kuma da kwamfuta aka yi lissafin tsallen, tun lokacin da kwamfuta ba ta shiga gidajen mutane ba. A The Spy Who Loved Me na 1977, Rick Sylvester ne ya sulalo a kan ƙanƙara ya faɗa daga tsaunin Asgard na Kanada kafin laima mai tutar Birtaniya ta buɗe. A GoldenEye na 1995, Wayne Michaels ne ya diro daga madatsar ruwa ta Verzasca a Suwizalan, mai tsayin mita 220, da igiyar roba a ƙafa. A Casino Royale na 2006 motar Aston Martin ta ƙi wuntsilawa saboda tsabar zamanta daram a kan titi, sai da aka dasa mata wata na'ura mai harba ƙarfe ƙasa da ƙarfin iskar gas, Adam Kirley ya danna ta yana cikin gudu, motar ta juya sau bakwai, abin da ya shiga kundin Guinness. Tambayi duk wanda ya kalli waɗannan fina-finai, zai ce maka Roger Moore ne, Pierce Brosnan ne, Daniel Craig ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da Mission: Impossible ya zo da shi daban shi ne tauraron da kansa ya shiga layin masu shan bugun. Jerin ya faro a 1996, daga wani shirin talabijin na shekarun 1960, amma tun daga na huɗu a 2011, inda Cruise ya rataya a jikin Burj Khalifa na Dubai mai tsayin mita 828, kowane sabon fim da kasadar da ake tallarsa da ita. A 2015 ya maƙale a ƙofar jirgin Airbus A400M yana tashi, sau takwas. Amfanin wannan ga fim ba ƙarami ba ne. Idan makwafi ne, dole kyamara ta tsaya nesa, ko a yanka hoto daidai lokacin da fuska za ta bayyana. Idan tauraron ne da kansa, sai a kawo kyamara dab da fuskarsa a bar ta tana ɗauka, ka ga iska na yamutsa masa kumatu, ka ga tsoron da ba na wasa ba. Ido ba ya bayani, amma yana gane abin da ke da nauyi da abin da aka zana.

Sai dai kada a ɗauka hakan ya rage wa masu sana'ar aiki. Ƙara musu ya yi, ya kuma ƙara ɓoye su. A Fallout na 2018 akwai inda Hunt ya diro daga jirgin soja a tsayin ƙafa 25,000. An ɗauka ne a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an yi dirowa 106 kafin a samu abin da ake so, domin hasken almuru da ake buƙata mintuna kaɗan yake yi a rana. Duk duniya ta ji Cruise ya yi wannan. Amma hoton da ke nuna fuskarsa yana faɗowa, wa ya ɗauka? Wani mai suna Craig O'Brien ne, wanda ya riga shi fita daga jirgin da baya, da kyamara ɗaure a kansa, yana faɗuwa yana kiyaye tazarar da ke tsakaninsu don kada hoton ya dushe. Duk abin da tauraron ya yi shi ma ya yi, da ƙarin kaya a ka.

Yanzu mu dawo kan Dead Reckoning, mu ga inda aikin ya yi kyau. Ni dai ba tsallen babur ne ya fi burge ni ba. Tseren motoci na birnin Rum ya fi shi daɗin kallo nesa ba kusa ba. An haɗa Hunt da wata ɓarauniya mai suna Grace, wadda Hayley Atwell ta fito a matsayinta, da ankwa ɗaya, aka cusa su cikin wata 'yar ƙaramar Fiat 500 ruwan ɗorawa, ga duwatsun titin Rum masu santsi, ga wata ƙatuwar motar sulke a bayansu tana tattake duk abin da ta tarar. Shi yana tuƙi da hannu ɗaya, ita ba ta saba ba, motar kuma ta fi ƙarfin girmanta. Kowace kwana da suka sha tana gaya maka wani abu game da su biyun: wa ke tsoro, wa ke neman tserewa, yaushe suka fara yarda da juna. A nan kasada da labari abu ɗaya ne. Haka faɗan da aka yi a wani matsattsen lungu a birnin Venice, inda babu wurin ɗaga hannu sosai, mutum biyu sun datse shi gaba da baya, ɗaya daga cikinsu Pom Klementieff da sandar ƙarfe. Ƙuncin wurin shi ne ya tsara faɗan, har kai mai kallo ka ji numfashinka na sarƙewa.

Gwaninta mafi girma tana ƙarshe, a jirgin ƙasa. Da yake babu mai ba da jirginsa a farfasa, sai suka ƙera nasu, suka ɗauki faɗan kan rufinsa a Norwe yana cikin tafiya, sannan a watan Agusta na 2021 suka tura kan jirgin ya faɗa wani ramin haƙar dutse a Derbyshire ta Ingila. Tun farko sun so su yi amfani da wata tsohuwar gadar jirgi a Poland, mutanen ƙasar suka tayar da ƙayar baya, aka fasa. A cikin fim gada ta karye, taragai na zamewa ɗaya bayan ɗaya, Hunt da Grace na hawa ta cikinsu suna neman na baya. Kowane tarago da irin masifarsa. Na girki ga mai ya malale ga wuta, na gaba ga kujeru da tebura na zubowa, can kuma ga ƙaton fiyano yana lilo a saman kansu, abin da ke riƙe da shi na shirin tsinkewa. An gina taragan a kan na'urorin da ke karkata su har su miƙe tsaye, 'yan wasan kuma suna rataye da gaske. Wannan wuri ba ya buƙatar fassara. Ko a gidan kallo a Kano ko Damagaram aka sa shi ba murya, za ka ji ɗaki ya yi tsit.

Rauninsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Darakta Christopher McQuarrie, wanda ke riƙe da jerin tun 2015, bai taɓa ɓoye cewa sukan fara ɗauka ba tare da kammalallen rubutu ba: a samo wuri, a samo kasada, labari ya biyo baya. Wani lokaci dabarar kan yi kyau, kamar a Fallout. A nan kam ɗinkin ya fito fili. Fim ne na minti 163, kuma tsakanin gudu da gudu sai a tara manyan jami'ai a ɗaki suna karɓar zance daga bakin juna, suna maimaita mana cewa akwai wani makulli mai ɓari biyu, kowa na nemansa, ba a san abin da yake buɗewa ba, alhali mu an nuna mana tun a farkon fim cewa na wani jirgin yaƙin Rasha ne da ya nutse a ƙarƙashin ƙanƙara. Abokin gabar kuwa ƙirƙirarriyar basira ce, wadda ba ta da wuyan da za a shaƙa. Fim ɗin da duk ƙarfinsa a jiki yake ya zaɓi maƙiyin da ba shi da jiki. Don a cike giɓin sai aka kawo Gabriel, wanda Esai Morales ya fito a matsayinsa, aka ce tsohon maƙiyin Hunt ne tun kafin ya shiga aiki, bayan fina-finai shida ba a taɓa ambatonsa ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kashe Ilsa Faust. Rebecca Ferguson ta yi fina-finai biyu tana gina macen da ke tsaye da ƙafarta, mai faɗa da dabararta, sai aka kashe ta a kan wata gada don kawai jarumi ya samu abin baƙin ciki, a kuma buɗe wa sabuwa wuri.

Shi kansa tsallen babur ɗin bai tsira ba. Watanni kafin fim ya fito an saki bidiyon yadda aka yi shi, kowa ya kalla a waya. A can kana ganin gadar, kana ganin ma'aikata sun riƙe numfashi, kana ganin darakta ya dafe kai. A cikin fim kuwa an goge gadar da kwamfuta an mayar da ita dutse, sai abin da aka yi da gaske ya ɗauki kamannin zane. Dalilinsa a labari ma bai taka kara ya karya ba: jirgi ya wuce shi, yana neman ya cim masa. Bidiyon talla ya fi fim ɗin tayar da tsigar jiki, kuma wannan babbar asara ce ga aikin da aka shekara ana shiryawa. Ga shi an raba labarin biyu, mai kallo ya tashi da rabin zance. Kasuwa ma ba ta yi yadda aka so ba. An kashe kusan dala miliyan 290, annobar korona ta tsayar da aiki tun a Venice a farkon 2020, aka samu kimanin miliyan 570, alhali Fallout ya haura miliyan 790. Kwana tara da fitowarsa Barbie da Oppenheimer suka zo suka kwashe manyan sinimomi. Cikon labarin, The Final Reckoning na 2025, ya maimaita abu ɗaya da ƙari: sa'a ta farko kusan duk bayani ne da tuna baya, sannan aka zo nutso cikin jirgin da ya nutse, kusan babu magana, da rataya a fiffiken ƙaramin jirgi a sararin Afirka ta Kudu, wurare biyu da ba za a manta da su ba.

Akwai kuma tambayar da wasu 'yan fim, irin su Danny Trejo, suka daɗe suna yi: ya dace tauraro ya sa kansa a haɗari alhali abincin mutane da yawa na rataye da lafiyarsa? A watan Agusta na 2017, wajen ɗaukar Fallout a Landan, Cruise ya yi tsalle daga wani gini zuwa wani, ƙafarsa ta daki bango, idon sawu ya karye. Ya ja jiki ya hau, ya wuce kyamara yana ɗingishi, kuma wannan hoton ne aka bari a fim. Aiki ya tsaya makonni. Jaridun duniya sun yi ta magana a kan wannan ƙafa. A cikin wannan wata na Agusta dai, a birnin Vancouver, Joi Harris, gwanar tseren babur mai shekara 40, ta rasu a wajen ɗaukar Deadpool 2, a aikinta na farko na fim, babu hular kwano a kanta domin wadda take wakilta ba ta sa ba. Wata ɗaya kafin nan John Bernecker ya faɗo daga bene a wajen shirin The Walking Dead, ya kuskure katifa, ya rasu. A 2015 a Afirka ta Kudu, Olivia Jackson, makwafiyar Milla Jovovich, ta yi karo da ƙarfen kyamarar da bai ɗaga a kan lokaci ba. Ta yi kwana 17 ba ta san inda take ba, aka yanke mata hannun hagu, sai a 2020 kotu ta tabbatar cewa sakaci ne a tsarin aikin. Idan tauraro ya ce a jira, jira ake yi, ko shekara ce. Ƙaramin ɗan kasada kuwa yakan ji tsoron cewa a'a, kada gobe a ƙi kiransa. Yawancin haɗurran sana'ar daga nan suke fitowa: gaggawa, canjin tsari a ƙurarren lokaci, da tsimin kuɗi.

Mu da muka tashi da fina-finan Indiya mun san wani ɓangare na wannan. Manyanmu na tuna 1982, lokacin da Amitabh Bachchan ya bugu da gefen tebur a wajen ɗaukar faɗan Coolie, ya sha da ƙyar. Amma mutum nawa ne suka san Reshma Pathan, wadda ta zauna a keken doki a madadin Hema Malini a tseren Sholay, har ta ji rauni? Ina kuma roƙon samarinmu masu wasa da babur da mota a ranar ɗaurin aure su sake duba lissafin da ke sama. Wanda suke kwaikwayo ya yi tsalle dubu goma sha uku a filin da aka killace, da likita a gefe, kafin ya yi na gaske sau shida. Bai taɓa yi a titin da yara ke tsallakawa ba.

Barazanar da ke gaban sana'ar yanzu ba daga tsauni take ba. Kwana biyu bayan fitowar Dead Reckoning a Amurka, ranar 14 ga Yuli 2023, ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA, wadda masu kasada ke cikinta, ta shiga yajin aikin da ya kai kwana 118. Cikin manyan buƙatunsu har da kariya daga ƙirƙirarriyar basira: kada a ɗauki siffar jikin mutum da na'ura, a ajiye, a riƙa jefa ta daga bene a fina-finai ba da izininsa ba kuma ba biya. Kwamfuta ta taimaki sana'ar ƙwarai, ita ke goge waya da katifa, ta sa ana iya ɗaure mutum da kyau ba tare da an gani ba. Amma inda ta maye gurbin mutum gaba ɗaya, mai kallo yakan ji, ko bai iya faɗin abin da ya ji ba. Fina-finan Mission: Impossible, duk da raunin labarinsu, su ne hujja mafi ƙarfi da masu wannan sana'a ke da ita a yau cewa jikin ɗan Adam na gaske yana da abin da zane ba shi da shi. Don haka nake ganin Dead Reckoning fim ne mai matsakaicin labari da aikin kasada na ajin farko, kuma na biyun ya isa a kalle shi.

Ƙungiyar 'yan wasa ta ba tawagar Eastwood kyautar gwanayen kasada a farkon 2024. Masu kyautar Oscar kuwa sun ambaci fim ɗin a fannin sauti da na siddabarun hoto kawai, domin babu fannin kasada a jerinsu a lokacin. Kusan shekara ɗari abin da masu sana'ar suka samu daga can bai wuce karramawar musamman ba, irin wadda aka yi wa Canutt a 1967 da Hal Needham a 2012. Wani tsohon ɗan kasada, Jack Gill, ya fara kai kukansu tun 1991, daga baya David Leitch, wanda ya yi wa Brad Pitt makwafi kafin ya zama darakta, ya ɗora. A watan Afrilu na 2025 aka amince: za a fara ba da kyautar tsara kasada a biki na 100, a 2028, ga fina-finan da suka fito a 2027. Babu ɗaya daga cikin fina-finai takwas na Mission: Impossible da zai shiga wannan gasa.